Kwalejin Al'umma da Kamfanoni a Amurka: Tambayoyin da 'Yan'uwa Suka Fi Yi Kafin Su Shiga Koyon Aiki

Waɗannan tambayoyi daga bakin mutanenmu mazauna Amurka suka fito: direbobin tasi da suka gaji da kwanan titi, mata masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, da iyayen da 'ya'yansu ke dab da gama sakandare. Yawanci bayan sallar Juma'a ake tare ni da su, ko a kira ni a waya da dare bayan an tashi aiki. Na tattara su wuri guda don kada wani ya sake biyan kuɗin makaranta a makance.

Mece ce kwalejin al'umma, kuma me ya bambanta ta da jami'a?

Makarantar gaba da sakandare ce ta shekara biyu, mallakar jiha ko gunduma ko birni. Ta farko a cikin na gwamnati ita ce Joliet Junior College a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901, kuma sunan "kwalejin al'umma" ya bazu ne bayan rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947. Yau akwai kusan 1,000 a faɗin ƙasar. A unguwar Bronx ta birnin Niyok kaɗai, inda 'yan'uwanmu na Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa, akwai biyu: Bronx Community College da Hostos.

Ƙofarsu a buɗe take ga kusan duk mai takardar sakandare ko ta GED, wadda ke madadinta, ba ruwansu da shekarunka. Ga ɗan yanki, kuɗin karatu a matsakaici bai wuce kimanin dala 4,000 a shekara ba. Suna ba da digirin shekara biyu da ake kira asoshiyet, suna kuma ba da satifiket na sana'a: walda, wayarin, jinya, kanikanci, tuƙin babbar mota, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, aikin kwamfuta.

Idan an ce kwaleji tana haɗin gwiwa da kamfani, me ake nufi?

Kalmar tana da faɗi, kuma a faɗin nata ne ake ruɗar mutane. Mafi ƙanƙantar haɗin gwiwa shi ne wakilin kamfani ya zauna a kwamitin ba da shawara na kwas, ya zo taro sau biyu a shekara ya faɗi ra'ayinsa a kan manhaja. Wannan ma ya isa kwaleji ta buga tambarin kamfanin a takardar tallarta. Sama da shi, kamfani ya ba da injuna ko motoci da za a koya a kansu, ya aiko da ma'aikatansa su koyar. Haka General Motors ke yi tun 1979 a shirinsa na ASEP, haka Toyota ke yi a T-TEN, Ford kuma a ASSET.

Mafi nauyi shi ne kamfani ya ɗauki ɗalibi aiki tun ranar farko, ya riƙa biyansa albashi yana karatu. A ra'ayina ma'auni ɗaya ne: me kamfanin zai yi asara idan shirin ya lalace? Wanda ya zuba albashi da lokacin manyan ma'aikatansa ba zai bari ka fito hannu rabbana ba. Wanda tambari kawai ya bayar, ko an yaye ɗalibi ɗari babu aiki, ko a jikinsa. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan ma'auni suke tafiya.

Me zai sa kamfani ya kashe kuɗinsa a kan wanda bai iya komai ba tukuna?

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwararrun masu gyaran injuna da masu walda na masana'antu suna tsufa suna ritaya, matasa kuma an daɗe ana tura su jami'a. Injin da ya tsaya na awa ɗaya a masana'antar mota ya fi albashin ɗan koyo na watanni tsada. Kuma wanda aka raina a cikin gida ya fi zama a kan wanda aka zawarto daga wani kamfani da ƙarin albashi.

Jihohi ma suna amfani da horo a matsayin abin jawo masana'antu. Jojiya tana da shirin Quick Start tun 1967, wanda ke horar wa sabon kamfani ma'aikata kyauta, kuma shi ya shirya ma'aikatan masana'antar Kia ta West Point. Karolina ta Kudu ta kafa Apprenticeship Carolina a 2007 a cikin tsarin kwalejojinta na fasaha.

A aikace, yaya makon ɗalibin irin wannan shiri yake?

Bari in ɗauki wani shirin karatu haɗe da aiki mai suna FAME, domin shi ya fi fito da siffar abin. Toyota ce ta fara shi a 2010 a garin Georgetown na jihar Kentaki, tare da Bluegrass Community and Technical College, don samar da masu gyaran injunan masana'anta. Daga baya wasu kamfanoni suka shigo, ya bazu zuwa jihohi da dama, a 2019 kuma aka miƙa ragamarsa ga Manufacturing Institute, wata cibiya ta ƙungiyar masu masana'antu.

Kwana biyu a mako ɗalibi yana makaranta, kwana uku yana masana'anta ana biyansa. Ranar makarantar ma ba zaman kujera ba ce. Cikakken yini ne a ɗakin da aka shirya kamar farfajiyar masana'anta, da takalmin kariya da tabarau. Ana buɗe rana da taron tsaro a tsaye, ɗalibi ya fito gaban 'yan'uwansa ya yi bayani da bakinsa, domin ana koyar da iya magana da zuwa a kan lokaci kamar yadda ake koyar da lantarki da haidirolik. Abin da ya gani a allo ranar Talata, ranar Laraba zai tarar da shi a jikin inji, da babban ma'aikaci tsaye a kansa yana duba ko ya kashe wuta ya sa kwaɗo kafin ya zura hannu. Zango biyar ake yi, kusan shekara biyu, a fita da digirin asoshiyet da kimanin awa 1,800 na aiki.

Wani bincike da cibiyoyin Brookings da Opportunity America suka fitar a 2020 ya gano cewa shekara biyar bayan kammalawa, 'yan FAME na Kentaki suna samun kusan dala 98,000 a shekara, takwarorinsu na sauran kwasa-kwasan fasaha kuma sama da dala 52,000 kaɗan. A riƙe abu ɗaya dai: kamfanoni ne ke tace waɗanda za su shiga, don haka tun asali zaɓaɓɓu ne. Kuma makon yana da nauyi. Mai iyali da ke tuƙin dare ba zai iya haɗa su ba, sai ya ajiye ɗaya.

Mene ne "koyon aiki mai rajista"? Na masu aikin ƙarfi ne kawai?

Tsari ne da doka ta sani tun 1937. Kamfani ko ƙungiyar ƙwadago su yi wa shirinsu rajista a Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ko hukumar jiha. Ɗan koyo ma'aikaci ne mai albashi, albashin yana ƙaruwa mataki-mataki bisa jadawalin da aka rubuta, yana da ubangida da ke koya masa, kuma a ƙarshe ana ba shi takardar da ake karɓa ko'ina a ƙasar. Ma'aunin da aka saba shi ne awa 2,000 na aiki da kimanin awa 144 na aji a shekara. Kwalejin al'umma ce sau da yawa ke ɗaukar ɓangaren ajin.

Da can harkar magina da masu wayarin da masu famfo ce. Yanzu ta shiga ofis. A yankin Shikago, kamfanin inshora na Zurich ya fara da Harper College a 2016, Aon kuma ya fara da Harold Washington College a 2017. Ayyukan da a da sai mai digirin jami'a, yanzu ɗan koyo yana zaune a teburinsu, kamfani na biyan albashi da kuɗin makaranta. 'Yan'uwa mata da ke ganin babu wurinsu a wannan harka, su dubi nan, su kuma dubi asibitoci.

Wa ke biyan kuɗin? Ba na son bashin ruwa.

Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ana iya kauce wa bashin idan an bi a hankali. Mataki na farko shi ne cike fam ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. Ta nan ake samun tallafin Pell, wanda kyauta ce ba a biya, kuma mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara, abin da ya ɗara kuɗin karatun yawancin waɗannan kwalejoji. Takardar da kwaleji za ta aiko maka za ta iya haɗa tallafi da bashi a shafi ɗaya. Kana da ikon karɓar tallafin ka ƙi bashin.

Hanya ta biyu ita ce dokar WIOA ta 2014, ta horar da masu neman aiki. Akwai cibiyoyin neman aiki na gwamnati sama da 2,000, ana kiransu American Job Center, waɗanda ke iya biya wa mai ƙaramin ƙarfi ko wanda ya rasa aiki kuɗin horo, muddin kwas ɗin yana cikin jerin da jiha ta amince da shi. Ka je wurinsu kafin ka yi rajista, domin ba kasafai suke mayar da kuɗin da ka riga ka biya ba. Jihohi ma suna da nasu: Tennessee Reconnect da Michigan Reconnect na manya ne da suka dawo karatu. A Bajiniya, shirin FastForward da aka fara a 2016 ya raba kuɗin gida uku: ɗalibi ya biya kashi ɗaya, jiha ta biya na biyu idan ya gama kwas, ta biya na uku idan ya ci jarrabawar shaida. Wanda ya gudu a tsakiya, kashi na biyu a wuyansa yake.

Shekara da shekaru Pell ba ya biyan kuɗin gajerun kwasa-kwasai. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta buɗe ƙofar daga 1 ga Yulin 2026 ga kwas na mako 8 zuwa 15, amma sai wanda jiha ta amince da shi, wanda kuma kashi 70 cikin 100 na ɗalibansa ke kammalawa suna samun aiki. Kada ka ɗauka kowane gajeren kwas ya shiga. Sai kuma inda kake aiki yanzu: Amazon, alal misali, yana da shirin Career Choice tun 2012, asibitoci da yawa ma suna biya wa ma'aikatansu.

An ce mini akwai kwas mai kiredit da maras kiredit. Bambancin yana da muhimmanci?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ne na fi ganin mutanenmu sun yi kuka. Kwaleji ɗaya, gini ɗaya, amma ɓangare biyu ne da ba kasafai suke ga-maciji ba. Kwas mai kiredit yana taruwa ya zama digiri, ana kuma iya ɗaukarsa zuwa jami'a. Maras kiredit gajere ne, an yi shi don shiga aiki da sauri, kuma yawancin horon da ake shirya wa kamfanoni a nan yake.

Wata 'yar'uwarmu ta yi watanni tana zuwa ajin dare na taimakon likita bayan ta tashi daga aikin kula da wata tsohuwa. Goyonta take bari wa maƙwabciya, ta dawo gida ƙarfe goma sha ɗaya ta ɗora tukunya. Ta gama, ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti, muka yi murna. Bayan shekara biyu ta koma kwalejin nan don ta karanta jinya. Na raka ta ofis. Ma'aikaciyar ta juyo mana da fuskar kwamfuta: sunanta yana nan, amma gurbin kiredit babu ko ɗaya. Sai ta faro daga tushe. Ba wanda ya yi mata ƙarya, amma kuma ba wanda ya gaya mata, ita ma ba ta san akwai abin tambaya ba.

Ba ina cewa a guji maras kiredit ba ne. Mai buƙatar lasisin babbar mota cikin 'yan makonni, shi ne daidai da shi. Amma kafin ka sa hannu, ka tambaya ko kwas ɗin matakala ce da za a ɗora wani a kanta, ka kuma nemi a ba ka amsar a rubuce. Wasu kwalejoji suna mayar da shaidar sana'a ko ƙwarewar aiki zuwa kiredit, sai dai sai ka nema.

Idan na gama, akwai tabbacin aiki?

Idan kamfani ya riga ya ɗauke ka kamar yadda aka bayyana a amsa ta huɗu da ta biyar, aikin yana hannunka. A sauran shirye-shiryen, abin da aka fi alkawartawa shi ne ganawar neman aiki, ita kuwa ganawa ba aiki ba ce.

Akwai darasi a Wiskonsin. A 2017 kamfanin Foxconn mai ƙera kayan lantarki ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da samar da ayyuka 13,000. Gateway Technical College ta faɗaɗa cibiyarta ta shirya kwasa-kwasai. A 2021 aka sake yarjejeniya, adadin ya koma 1,454. Abin da ya ceci ɗaliban da suka koyi sarrafa injuna shi ne akwai wasu masana'antu a yankin. Haka a Ohayo: Intel ya sanar da ginin masana'antar cip, wato ƙwaƙwalwar na'urori, a 2022, Columbus State Community College ta jagoranci shirya manhaja, sai aka ɗage buɗe masana'antar zuwa wajen 2030. Shi ya sa nake cewa ka zaɓi sana'ar da kamfani biyar ke nema a garinku, ko da ta fi ƙarancin suna a jarida.

Inda abin ya yi kyau kuwa, ya yi kyau sosai. An kafa Project QUEST a San Antonio ta jihar Teksas a 1992, bayan rufe masana'antar ɗinka tufafi ta Levi Strauss. Suna biya wa manya kuɗin karatu a kwalejojin garin, yawanci fannin lafiya, suna taimaka musu da kuɗin mota da renon yara, suna zama da su kowane mako. An yi bincike ta hanyar ƙuri'a, aka tarar shekara 9 bayan shiga, waɗanda suka samu gurbi sun ɗara waɗanda ba su samu ba da sama da dala 5,000 a shekara.

Turancina bai nuna ba, kuma takarduna na gida ne. Za a karɓe ni?

Za a karɓe ka. Kusan kowace kwaleji tana da ajin Turanci na baƙi. Ka tambaya ko suna da tsari irin na I-BEST, wanda jihar Washinton ta ƙirƙiro: malami biyu a aji ɗaya, ɗaya na sana'a, ɗaya na harshe da lissafi, don kada ka ɓata shekara biyu a ajin share fage. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Takardar WAEC ko difloma ko BAC sai an kai ta wata hukumar tantancewa, irin WES, ta auna ta da ma'aunin Amurka. Ka fara tambayar kwalejin wace hukuma take karɓa, kada ka biya sau biyu. Ka kuma nemo takardar sakamakonka daga gida tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardun zama fa?

Tallafin tarayya irin Pell na 'yan ƙasa ne da masu girin kad da waɗanda aka ba mafaka. Duk shirin da ke biyan albashi kuma yana buƙatar izinin aiki. Mai bizar ɗalibi ta F-1 yana iya aikin awa 20 a mako a cikin makaranta, aikin waje kuwa sai da izinin CPT, na aikin da ya shafi karatunsa, wanda galibi sai an cika shekara guda ana karatu. Wasu jihohi, irin su Niyok da Kalifoniya, suna barin wanda ya yi sakandare a cikinsu ya biya kuɗin ɗan jiha ko da takardunsa ba su cika ba. Dokokin shige da fice suna yawan canzawa, don haka ka ga lauya ko ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Kada ka dogara da zancen majalisa.

Salla da hijabi da azumi: masana'anta za ta bar ni?

Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan addininsa. A 2023 Kotun Ƙoli ta ƙara ƙarfafa wannan, ta ce sai kamfani ya nuna sassaucin zai jawo masa babban kashe kuɗi kafin ya ƙi. Ɗan koyo mai albashi ma'aikaci ne, dokar ta shafe shi.

Amma inji ba ya sanin uzuri. Mayafi mai lilo kusa da abin da ke juyawa haɗari ne na rai, don haka 'yar'uwa ta nemi hijabi mai kama jiki da ake cusawa cikin riga, idan walda ce kuma wanda ba ya kama wuta. Mai gemu zai iya cin karo da dokar takunkumin numfashi da ke manne wa fuska, sai ya tambaya ko akwai mai hula. Layin haɗa kaya ba ya tsayawa don mutum ɗaya, saboda haka a daidaita lokacin Azahar da La'asar da hutun aiki tun makon farko, a kuma rubuta. Maganar Juma'a a yi ta kafin a raba jadawali.

Wannan ba shi ne SIWES ɗinmu na Najeriya ba?

Sun yi kama a niyya. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF, wadda aka kafa a 1971, ta fara SIWES a 1973 don ɗalibai su taɓa aiki da hannu. Bambancin shi ne a can ɗalibi ne ke yawo da wasiƙa yana neman inda za a karɓe shi na 'yan watanni, kamfanin kuma bai da ta cewa a manhaja. A shirye-shiryen da na yaba a sama, kamfani ne ke zaɓar ɗalibi, ya biya shi, ya zauna da malamai a tsara abin da za a koyar.

Kamfanin da ya biya mini karatu zai iya ɗaure ni?

Zai iya. Wasu yarjejeniyoyi suna cewa ka yi musu aiki shekara ɗaya ko biyu bayan kammalawa, in ka tafi ka mayar da kuɗin. Asibitoci da kamfanonin manyan motoci sun fi yin haka. Ba laifi ba ne idan adadin a bayyane yake kuma yana raguwa da kowane watan da ka yi. Abin dubawa shi ne: idan su suka sallame ka, har yanzu za ka biya? Ka ɗauki takardar ka tafi da ita gida, wani ya karanta maka. Ka kuma tabbata shaidar da za ka samu ta kwaleji ce ko ta hukuma, domin takardar da kamfani ɗaya kaɗai ya sani ba ta bin ka idan ka sauya gari.

Gobe zan je kwaleji. Me zan tambaya?

Ka fara tabbatar da cewa ta gwamnati ce mai cikakkiyar amincewa. Makarantun kasuwa suna da tallace-tallace masu daɗi, amma Corinthian ta rufe a 2015, ITT Tech ta bi bayanta a 2016, suka bar dubban ɗalibai da bashi. Sannan ka wuce teburin karɓar baƙi ka nemi shugaban kwas ɗin da kansa. Ka ce masa: ajin bara mutum nawa suka fara, nawa suka gama, nawa ke aiki a wannan fanni yanzu, a wane kamfani, a kan dala nawa a awa? Ka tambayi abin da kamfanin da ke jikin takardar talla ya bayar, bisa matakan amsa ta biyu. Ka tambayi zancen kiredit, da kuɗin kayan aiki da na jarrabawar lasisi, domin ba kasafai suke cikin kuɗin makaranta ba.

Daga nan ka roƙi a nuna maka ɗakin koyon aiki, gani ya kori ji. Ka dubi injunan, ka tambaya ko irinsu ne a masana'antar da ke ɗaukar mutane. Idan ka tarar da ɗalibai a ciki, ka ja ɗaya gefe ka tambaye shi ko ya san wanda ya gama bara, ya ba ka lambarsa.